Neman shawara: gorar taurari nake son haɗa wa yarona amma kyalkyalin ya ƙi tsayawa

Maman biyu:
Assalamu alaikum mata 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu ƙananan yara da malaman nazire. Ina da yaro ɗan shekara huɗu da ƙanwarsa 'yar wata goma sha ɗaya, shi yaron in ransa ya ɓaci sai dai Allah, birgima, ihu, jifa da duk abin da hannunsa ya kai, kuma ba abin da ke sa shi shiru sai waya, ni kuma wayar nan ta fara damuna don yanzu ko tuwo ba ya ci sai an kunna masa katun. To akwai wani abu da nake gani turawa na yi wa yaransu a Instagram, gorar ruwa ce ake cikawa da ruwa mai kauri da kyalkyali da 'yan taurari, in an girgiza sai komai ya hautsine kamar sararin samaniya da daddare sannan ya riƙa sauka a hankali, yaro na kallo har ransa ya kwanta. Nawa kuwa dama mayen wata ne, kullum cikin tambaya yake wa ya rataye shi, me ya sa yake bin mu in muna cikin mota, shi ya sa nake son in yi masa irin ta samaniya.

Matsalar su wani gam ne garai-garai kamar ruwa suke zubawa wanda ban gan shi a shagunan unguwarmu ba. Da ruwa zalla ko ƙirga biyar ba a yi kyalkyalin ya zube ƙasa, rabi kuma ya dunƙule a sama ya ƙi nutsewa. Me zan sa a madadinsa wanda ake samu a nan Kano? Ya ake yi ta yi haske in an ɗauke wuta? Kuma wadda ta taɓa yi ta gaya min tsakani da Allah, tana aiki ko ado ne kawai na masu ɗaukar bidiyo?

Anti mai kek:
Wa alaikumussalam. Giliserin za ki nema, wanda dai muke zubawa a man shafawa lokacin hunturu, kemis akwai, masu kayan kek ma suna sayarwa. Ki samu gora 50cl, ki fara da rabi giliserin rabi ruwan ɗumi, ki zuba kyalkyali kamar cokalin shayi biyu ki girgiza ki gani, in ya yi saurin sauka ki rage ruwan ki ƙara giliserin, haka za ki yi ta gyarawa har ya miki. Kar ki zuba tafasasshen ruwa a gorar, lanƙwashewa za ta yi, ki haɗa a kwano ki bari ya huce tukuna. Wanda yake taruwa a sama kuma ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa zai nutsar da shi, ɗigo ɗaya fa na ce, in kika zarce kumfa za ki yi ta gani.
Sai kala, nan mutane ke ɓata abin. Kalar kek ki ɗiba da tsinken sakace, shuɗiya, ki tsoma ki juya ki ɗaga gorar a haske ki duba. In kika ce sai ta yi baƙi ƙirin irin na dare to kyalkyalin ma ba za a gan shi ba, gara ruwan ya zama shuɗi mai ɗan duhu, kyalkyalin ne zai kawo duhun da hasken, ki haɗa silba da shuɗi da ɗan baƙi kaɗan.

Uwargida daga Zariya:
Ni da jel ɗin gashi na yi wa nawa, farin nan mara kala. Cokali biyu zuwa uku a ruwan ɗumi ki kaɗa sosai a kwano sai ya narke, in ba haka ba gudaji zai yi. Ya fi giliserin araha amma in ya yi yawa kyalkyalin tsayawa yake cak a tsakiya har gobe ba zai sauka ba. Kuma kar wata ta ce miki ki sa Top Bond, wannan fari ne, ruwan zai koma kamar koko.

Maman 'yan mata:
Ƙaro fa? Naga in an jiƙa shi yana kauri kuma ga shi a banza a kasuwa.

Anti mai kek:
Zai yi kauri amma ki ba shi 'yan kwanaki a zafin garin nan ki buɗe ki ji, tsami zai yi ya fara fumfuna, kuma kalarsa ja-ja ce za ta kashe shuɗin. Abin da za a liƙe murfinsa a ajiye wata da watanni ba a sa masa abin da ke lalacewa. Ruwan ma ki tafasa shi tukun ko ki yi da na leda.

Mai ɗinki:
Taurarin ki je Kasuwar Ƙofar Wambai wajen masu kayan ɗinki ki ce sikwins kike so masu siffar tauraro, wani lokaci har na jinjirin wata ana samu. Kyalkyali kuma iri biyu za ki saya, mai laushi kamar gari da mai manyan ƙwayoyi, masu kayan kwalliya da masu ƙunshi suna da shi. Manyan su fara sauka, mai laushin ya daɗe yana yawo, shi ne yake ba da wannan kamar hayaƙi da kike gani a bidiyon. Ki jiƙa sikwins ɗin a kofi kwana ɗaya kafin ki zuba don wasu suna zuba, sai ki wayi gari duk sun koma farare. Duwatsun da muke mannawa a leshi kuma nauyi gare su, faɗawa kawai za su yi suna ƙara.

Malamar nazire:
Bari in amsa tambayarki ta ƙarshe tunda ita ce ba a taɓa ba. Ina da guda uku a ajina kuma suna aiki, amma ba yadda ake nunawa a bidiyo ba. Yaron da ya riga ya hau sama yana birgima in kika miƙa masa gora wallahi jifanki zai yi da ita, a lokacin ba ya ji ba ya gani. Amfaninta kafin abin ya kai can ne, kin ga ya fara kumbura baki yana buga ƙafa, ko kuma bayan kukan ya fara sauka yana ajiyar zuciya. Kuma sai kin koya masa ita a lokacin da yake cikin daɗin rai, ku zauna tare ki ce girgiza da ƙarfi, sai ku ajiye, ki ce mu ja numfashi ta hanci mu hura a hankali har taurarin su kwanta. Girgizawar kanta tana rage masa wani abu don hannun ya samu aikin yi.

Abin da na lura iyaye suna yi shi ne su mayar da ita horo, "je ka zauna can da gorarka sai ka yi shiru", daga ranar yaro ya tsane ta. Ke ce za ki zauna kusa da shi, ko ba ki ce komai ba. In gaya miki gaskiya rabin aikin zaman naki ne, gorar dalili ce kawai da za ta sa ku biyun ku tsaya wuri ɗaya kuna kallon abu ɗaya.
Tsawon saukar kuma kar ya wuce minti biyu zuwa uku ga ɗan shekara huɗu, in ta daɗe gajiya zai yi ya tashi. Kuma kar ki bar ta cikin kayan wasa, ki ajiye a sama ki riƙa ɗaukowa, in kullum tana hannunsa sati ɗaya ya daina kallonta.

Maman Abba:
Ikon Allah, yanzu har fushin yaro sai an haɗa masa gora? Mu da aka raina da harara ɗaya ba ga mu nan ba. Ku dai kuna shagwaɓa yaran nan.

Malamar nazire:
Hajiya harara tana sa shi ya yi shiru don tsoro, ba ta koya masa yadda zai sauko da kansa, gobe a makaranta ba kya nan kuma cizon ɗan wani zai yi. Ai ba cewa aka yi a ba shi abin da yake wa kukan ba, a'a tana nan a a'arta.

Nas ce ni:
Ni ta ɓangaren ƙanwar zan yi magana tunda kin ce watanta goma sha ɗaya, komai baki take kaiwa. Dan girman Allah kar ki sa ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa da ake sayarwa don ado a kwalbar fulawa, na san a bidiyoyin ana sa su a matsayin duniyoyi. In yaro ya haɗiye suna ci gaba da kumbura a hanji su toshe shi, kuma sau da yawa hoton eksire ba ya nuna su. A Amurka a 2023 sai da aka janye wani samfurinsu daga kasuwa bayan wata jaririya 'yar wata goma ta rasu. Haka fitilun ado masu ƙaramin batir mai kamar kwabo, kar ki liƙa a murfi don neman haske, batirin nan in ya maƙale a maƙogwaro cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Maganaɗisu ma a'a. Kwalbar gilashi a'a.

Ki nemi gorar lemo mai gas, ta fi ta ruwa kauri kuma murfinta ya fi riƙewa. Ki ɓare takardar jikinta duka, kuma ki guji kalar da za ta yi kama da zobo, kar yaro ya ɗauka abin sha ne ya dage sai ya buɗe. In kin gama gyara kaurin ki goge bakin ya bushe, ki zagaya sufa gulu a cikin murfin ki ɗaure tam, ki naɗe da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Duk da haka ki riƙa dubawa don gam ba ya kama irin robar murfin nan sosai, yaro mai naci zai iya murɗe shi.

Maganar waya kuma kina da gaskiya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo, jaririya irin taki kuwa sam. Abu na ƙarshe, gora ba magani ba ce. Fushi da birgima a shekarunsa abu ne da aka saba, amma in yana buga kansa da bango, ko ba ya haɗa jimla, ko ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ƙara kaɗan ta sa ya toshe kunne yana ihu, ki kai shi wajen likitan yara a duba.

Maman biyu:
Na gode sosai Anti nas, Allah ya saka, ƙwallayen nan kuwa suna cikin lissafina, na cire su. Magana kam yana yi har ta yi yawa, zuciya ce kawai. To hasken fa ya zan yi tunda batir ya fita?

Malamar kimiyya:
Hanya mafi sauƙi ki kunna tocilar waya ki kifa wayar ki ɗora gorar a kai, duk ɗakin zai ɗauka, kuma hasken na waje ne ba abin da ya shiga ciki. In kina son mai haske da kansa ki nemi taurarin roba da ake mannawa a silin ɗin ɗakin yara, ko 'ya'yan carbin nan masu haske a duhu in akwai wanda ya tsinke a gida. Su ba wuta suke yi ba, haske suke sha su riƙa sakinsa a hankali, don haka sai kin haska su da tocila ko kin ajiye a bakin taga, kuma bayan wasu mintuna suna dusashewa. In ruwan ya yi duhu da yawa ma ba za su sha hasken ba.

Ki lura kuma giliserin yana tsinkewa da zafi, gorar da ta yi miki daidai a sanyin Janairu za ta fi saurin sauka a Afrilu, to in yanzu sanyi ake ki ɗan ƙara kaurin. Tunda yaron mai tambaya ne ki sa masa duwatsun wuya na roba guda takwas kala daban-daban, adadin duniyoyin da ke zagaye rana kenan tun da aka cire Pluto daga sahunsu a 2006. Ja ɗaya Mirrihu, jan nata tsatsar ƙarfe ce a ƙasarta, shuɗi ɗaya tamu, mafi girma Mushtari. Sai ya zama wasa, nemo min ja, nemo min tamu, kin ga hankalinsa ya bar abin da yake wa kuka.

Goggo:
'Yata ki haɗa masa, Allah ya yi albarka, amma kar ki manta da tofa masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, kuma ki duba ko yunwa ce ko barci, yawancin rigimar yaro ɗayan biyun nan ce. Sannan in an ɗauke wuta ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki nuna masa na gaskiyan, ga Zara matar wata, ga Kaza da 'ya'yanta da sanyin nan ana ganinsu tun bayan isha, ki ce ya ƙirga 'yan tsakin.

Malamar kimiyya:
Goggo ta kawo shawara. Zara ɗin ma ki gaya masa duniya ce ba tauraro ba, ita ce Zuhura, kuma ita ce dai Gamzaki in ta koma fitowa da asuba, sai ki ba ta farin dutse a gorar. Amma ba kullum take fitowa da yamma ba, wasu watannin sai da asuba.

Maman biyu:
Masha Allah kun gama min komai. Gobe in sha Allahu zan shiga Wambai, giliserin zan fara gwadawa. Tambaya ɗaya, in bar shi ya taya ni haɗawa ko in yi in ba shi kawai?

Malamar nazire:
Ki bar shi ya zuba taurarin da duwatsun da hannunsa, zai fi ɗaukarta tasa. Amma lokacin da ƙanwar ke barci, kuma ki share wurin tas bayan kun gama. Kyalkyalin da gam ɗin ke za ki riƙe, in ya shiga ido wahala ne. Kar ki liƙe murfin ranar, ki bari ta kwana ki sake girgizawa da safe ki ga saukar, in ta yi sannan ki sa gam.