Muhawara: Shin Summer League na nuna matashin da zai yi fice a NBA?

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar da nake so mu tattauna ita ce: a ganina wasannin Summer League, gasar gwada matasa da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke yi kowane watan Yuli a Las Vegas, ba ma'auni ba ne, kuma wanda ya yanke wa matashin ɗan wasa hukunci da su ya zalunce shi ko ya ruɗi kansa. Hujjata ta farko jerin gwarazan gasar. A 2012 mutum biyu suka raba kyautar, Damian Lillard da Josh Selby. Lillard ya zama babban tauraron da kowa ya sani. Selby kuwa wasa 38 kacal ya buga a NBA duk rayuwarsa. Glen Rice Jr. ya karɓi kyautar a 2014, wasanninsa a NBA 16 ne. To ma'aunin da ya ɗora Lillard da Selby a kafaɗa ɗaya, me ya auna?

Koci Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Malam, ka kawo misalai na gaskiya, amma kyautar gwarzo ka kayar, ba gasar ba. Kyautar tana bin yawan maki, maki kuma su ne abin da ya fi yaudara a Las Vegas. Dalilan a fili suke. Ƙungiyar da ake haɗawa 'yan kwanaki kaɗan take atisaye tare, mataimakin koci ne ke jagorantarta, kuma akasarin 'yan wasan ba su da kwantiragi, kowa na neman a gan shi. Wanda ƙwallo ta shiga hannunsa ba ya son saki. Tsaron gida babu tsari, domin tsaro abu ne na sabo da juna. A irin wannan yanayi ɗan gajeren da ya iya gudu da jifa zai tara maki 25, dogon tsakiya kuwa zai yi ta ɗaga hannu ba mai ba shi. Wannan bai sa wasan ya zama wofi ba. Sai dai a san abin da ake kallo.

Bilkisu: Ina goyon bayan Malam Sabo ta ɓangaren lissafi, domin a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Kowace ƙungiya wasa biyar take samu, ban da waɗanda suka kai ƙarshe, kuma kowane wasa minti 40 ne maimakon 48. Manyan zaɓaɓɓu ma, wato waɗanda aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara, sau da yawa wasa biyu ko uku suke yi a zaunar da su. A ce yaro ya yi jifan maki uku sau 25 a duk gasar. Kowace ƙwallo ɗaya da ta shiga ko ta kuskure tana ɗaga shi ko sauke shi da kashi 4 cikin ɗari. Idan 7 suka shiga, kashi 28 ke nan, a ce hannunsa ya mutu. Idan 10 suka shiga, kashi 40, a ce an samo gwani. Tsakanin mataccen hannu da gwaninta ƙwallo uku ne, wata ma ta zagaya bakin kwando ne ta fito. Babu mai hankalin da zai gina hukunci a kan haka.

Aminu: Kuma ku duba manyan da suka fara da tuntuɓe. Victor Wembanyama, ranar 7 ga Yulin 2023, da Charlotte: jifa 13, biyu suka shiga, maki 9. Trae Young a wasansa na farko a ƙaramar Summer League ta Utah a 2018 jifa 20 ya yi, 4 suka shiga, na farkon ma ko ƙarfen kwandon ba su taɓa ba. Cooper Flagg a 2025 ya ci 5 cikin 21 a karawa da Lakers. Da an bi daren farko, duk an binne su.

Koci Ɗanjuma: Aminu, wasan Wembanyama da ka ambata shi ne ma hujjata. A daren nan da hannunsa ya ƙi, ya doke jifan abokan hamayya sau 5, ya cafe ƙwallo 8 daga kwando. Mutum ne da ya haura mita 2.20 amma yana fita har bakin layin maki uku ya tare ɗan gajere, ya kuma dawo ya riski wanda ya kutsa. Wannan ba sa'a ba ce, ba kuma abin da ke canzawa daga dare zuwa dare ba ne. Kwana biyu bayan nan ya ci 27 ya cafe 12 a kan Portland, ƙungiyarsa San Antonio ta ce ta ga abin da take son gani, ta zaunar da shi. A kakar farko shi ya fi kowa doke jifa a NBA, 3.6 a kowane wasa. Abin da ya bayyana a daren da ake cewa ya kunyata, shi ne ya tabbata. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, matuƙar mai duban ya san inda zai duba.

Malam Sabo: Koci, ai Wembanyama kowa ya san shi tun yana Faransa. Me Las Vegas ta ƙara wa wanda ya kalli kakarsa gaba ɗaya a can? Yaron jami'a ma yana da wasa talatin da wani abu a faifai. Me zai sa in bar talatin in kama biyar?

Koci Ɗanjuma: Ba a ce ka bari ba, Malam. Amma akwai tambayoyin da wasan jami'a ba ya amsawa, domin dokokin sun bambanta.

Na farko layin maki uku. A jami'o'in Amurka da wasannin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, nisansa mita 6.75 ne, a NBA mita 7.24, ban da kusurwa inda yake kusan 6.70. Rabin mita ne, amma yana tona asiri. Kar ka ƙirga nawa suka shiga, kalli jikinsa. Idan ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, salon jifan ba zai canza ba. Idan ka ga ya fara sauke ƙwallon zuwa ƙugu kafin ya ɗaga, ko yana turawa da kafaɗa, ko yana dira gaba da inda ya tashi da taki guda, to nisan ya fi ƙarfinsa, kuma a NBA wannan ɗan jinkirin ya isa mai tsaro ya cim masa. Duba kuma inda kuskuren ke faɗuwa. Wanda ke kuskure gaba ko baya, ƙarfi ne bai daidaita ba, ana gyara shi. Wanda ke kuskure hagu da dama, matsalar a gwiwar hannu ko yatsu take, ta fi wuyar magani.

Na biyu agogo. Daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya a jami'a, a nan 24. Mai raba ƙwallon da ya saba ya tsaya ya dubi benci kafin ya fara, za ka gan shi da saura daƙiƙa 6 bai shirya komai ba.

Na uku dokar daƙiƙa uku ta masu tsaro. A jami'a dogo na iya kafa sansani a ƙarƙashin kwando. A NBA ba zai wuce daƙiƙa uku a wurin ba sai yana riƙe da mutum. Dole ya fita ya dawo, ya fita ya dawo. A nan ake gane mai nauyin ƙafa.

Nura: Bari in ƙara kan batun dogaye, domin akwai tarko a dokar laifi. A NBA laifi shida ke fitar da mutum, a wasannin share fage na Summer League sai goma. Greg Oden, na ɗaya a zaɓen 2007, ya cika goman nan a wasansa na farko. Saboda haka idan ka ga dogo ya doke jifa huɗu, nemi layin laifinsa. Huɗu da laifi bakwai na nufin tsalle yake wa kowace yaudara, kuma a wasan gaske da tuni yana benci kafin a je hutun rabin lokaci. Abin nema shi ne wanda ke tashi a miƙe, hannaye sama, ba ya rankwafowa kan mai jifa, kuma idan ya dira yana iya sake tashi nan take. Tsalle na biyun nan ba a koyar da shi sosai, ko mutum na da shi ko ba shi da shi.

Bilkisu: Na yarda ana ganin jiki. Amma ko shi ma da wa ake gwada shi? Chet Holmgren a ƙaramar Summer League ta Salt Lake City a 2022 ya ci maki 23 ya doke jifa 6 a wasan farko, aka yi ta yabo. Washegari Kenneth Lofton Jr., wanda ya fi shi nauyi da sama da kilo 30, ya riƙa tura shi har ƙarƙashin kwando, aka ce ƙashin yaron ba zai ɗauki NBA ba. Wanne ne gaskiya? Yau Holmgren na da zoben zakara da Oklahoma City tun 2025, Lofton kuwa bai samu wurin zama ba.

Nura: Duka biyun gaskiya ne, Hajiya, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba. Tare bakin kwando aiki ne da ake buƙata sau da dama a kowane wasa. Turereniya da baya kuwa kaɗan ne ke yin ta a NBA ta yau, kuma koci na iya turo mutum na biyu ya taimaka. Aikin mai tantancewa ke nan: ya tambayi kansa sau nawa wannan abin zai taso a wasan Janairu, tsakiyar kakar NBA. Shi ya sa makin wanda ke riƙe ƙwallo daƙiƙa goma kafin ya jefa ba ya burge ni. Idan ya je ƙungiyarsa akwai manya biyu ko uku da ƙwallon take hannunsu, shi kusurwa za a tura shi. Tambayar ita ce ko zai iya kama ƙwallo ya yanke shawara cikin rabin daƙiƙa, ya jefa, ya miƙa, ko ya kutsa. Kevin Knox ya haura maki 20 a wasa a 2018, ya shiga jerin biyar mafi kyau na gasar, amma da aka rage masa riƙon ƙwallo a New York sai sauran aikin ya gagara.

Aminu: To ni ga inda nake tsaye. Yin fice a can ba ya tabbatar da komai, amma gazawa tana da magana, musamman ga ɗan shekara ta biyu. Wanda ya yi kaka guda a NBA, ya ga saurin manya, ya samu masu horar da jiki da abinci mai kyau wata goma sha biyu, ya kamata wasan ya zame masa a hankali. Kawhi Leonard a 2012, Desmond Bane da Tyrese Maxey a 2021, duk an turo su bayan kakar farko aka damƙa musu ƙwallo, wasa biyu aka ga sun fi ƙarfin wurin aka janye su. Idan ɗan shekara ta biyu ko ta uku na fama da yaran da ba a ma zaɓa ba, ƙungiya ta fara shirin rabuwa.

Malam Sabo: Wannan na karɓa rabi. Amma shekaru fa? Ɗan 19 da ya bar jami'a bayan shekara ɗaya yana karawa da ɗan 25 da ya yi shekaru yana wasa a Turai ko G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, mai iyali, wanda abincinsa ya dogara da kwanakin nan. Alex Sarr, na biyu a zaɓen 2024, ya jefa 15 a kan Portland ko ɗaya bai shiga ba. Yana da shekara 19. Ni ban ga abin da wannan daren ya koya wa ƙungiyarsa Washington ba.

Koci Ɗanjuma: Ya koya musu cewa yana gudun shiga jiki, yana zaɓar jifan nesa alhali tsayinsa ya kai ƙafa bakwai, domin bakwai daga cikin 15 ɗin na maki uku ne. Wannan bayani ne da mai horarwa zai yi aiki da shi a watan Agusta. Rashin shigar ƙwallon a jefar da shi, zaɓin jifan a riƙe.

Kuma Malam, mun tsaya kan manyan zaɓaɓɓu, alhali su kwantiraginsu na aljihu. Gasar ta fi amfani ga na ƙasa. Jeremy Lin ba wanda ya zaɓe shi a 2010, ya buga wa Dallas a Las Vegas, ya tsaya wa John Wall, na ɗaya a zaɓen shekarar, ido da ido, Golden State ta ba shi kwantiragi. Tun 2018 ƙungiyoyi 30 duka ke zuwa, ana wasa a Thomas & Mack Center da Pavilion da ke manne da juna, ga kuma wakilan ƙungiyoyin Turai da Asiya a zaune. Tun 2023 kowace ƙungiya na da gurbi uku na kwantiragin raba ƙafa tsakanin NBA da G League. Waɗannan guraben a nan ake cike da yawansu.

Bilkisu: To a ba mu tsari, Koci. Wanda zai tashi cikin dare ya kalla, domin Las Vegas na bayanmu da awa takwas a Yuli, me zai rubuta?

Koci Ɗanjuma: Ya zaɓi ɗan wasa ɗaya, ya bar bin ƙwallo da ido. Kwata guda cur ya kalle shi lokacin da ƙwallon ba ta hannunsa. A tsaro: yana ganin mutuminsa da ƙwallo a lokaci ɗaya, ko yana juya ƙeya? Idan aka kafa masa shinge, yana ratsawa ta sama ko yana mannewa a jikin mai shingen? Yana magana da abokansa? A hari, idan mai raba ƙwallo ne, a ƙirga sau nawa ya wuce mai tsaronsa ba tare da shinge ba, domin wanda bai iya wuce na Las Vegas ba, ba zai wuce na NBA ba. Ƙwallon da ya zubar a raba ta biyu: wadda ya hango abokinsa daidai amma abokin bai gane ba, da wadda aka ƙwace a hannunsa saboda ba ya iya bugawa da hagu. Ta farkon ba laifinsa ba ce, za ta gyaru idan ya samu ƙwararru. Haka miƙawar da ta buɗe wa mutum fili ya kuskure, a rubuta masa ita ko da takardar sakamako ba ta rubuta ba.

Malam Sabo: Da wannan sharaɗin zan sassauta, amma ban janye ba. Duk abin da ka lissafa na mai faifai ne da zai tsayar ya maimaita. Kuma ko shi, idan abin da ya gani a wasa biyar ya saɓa wa abin da ya gani a wasa talatin na jami'a, ina ganin talatin ɗin zai bi.

Nura: A kan shigar jifa, talatin zai bi, Malam, har ma ya haɗa da jifan kyauta, wanda nisansa bai canza ba tsakanin jami'a da NBA. A kan saurin ƙafa gefe da gefe da iya wuce mutum kuwa, biyar ɗin zan bi, domin a jami'a akwai daren da wanda ke gabansa ba zai taɓa cin abinci da ƙwallon kwando ba, a Las Vegas kuwa mafi raunin cikinsu ma gwarzon makarantarsu ne.