Me ya sa The Fame na Lady Gaga ya tsaya a maki 71 kacal?

Ɗan Gwale: Jama'a ina da tambaya ga masu bin sharhin waƙa. Albam na farko na Lady Gaga, The Fame, ya fito a watan Agusta 2008, ya kai na ɗaya a Ingila da na biyu a Amurka, har ya ci Grammy. Amma a Metacritic maki 71 cikin 100 kawai ya samu. Masu sharhi ne ba su gane shi ba, ko kuwa akwai aibu a aikin?

Mai Kalangu: Malam, fara duba yadda ake fitar da makin. Metacritic na tattara sharhin jaridu da mujallu, ta mayar da kowanne kan ma'aunin 100, sannan ta ɗauki matsakaici, tana ba wasu kafafe nauyi fiye da wasu. Tauraro uku cikin biyar 60 ke nan. A ɓangaren waƙa, 61 zuwa 80 yabo ne, sai daga 81 ake cewa kowa ya sallama. Saboda haka 71 ba faɗuwa ba ce. 'Yan sharhi biyu ko uku masu tsauri sun isa su ja makin ƙasa idan sharhin gaba ɗaya bai fi goma sha wani abu ba.

Ga kuma lokaci. An rubuta yawancin sharhin kafin waƙoƙin su gama karaɗe duniya. Just Dance ta fito a Afrilu 2008, amma sai Janairu 2009 ta kai ta ɗaya a Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, Poker Face kuma a Afrilu 2009.

Hajiyar Sitidiyo: Gaskiya ne Mai Kalangu, sai dai akwai aibi na haƙiƙa, kuma a jerin waƙoƙin yake. A bugun Amurka, Just Dance, LoveGame, Paparazzi da Poker Face su ne huɗun farko. An zuba duk naman a saman tukunya. Mai saurare a rediyo waƙa ɗaya yake ji, shi kuwa mai sharhi yana zama ya ji albam daga farko har ƙarshe, kuma rabin baya ne yake rage masa maki.

Dalilin yana cikin kiɗan. Just Dance da Poker Face dukansu suna gudu wajen bugu 120 a minti, babbar ganga tana sauka a kowane bugu huɗu na zagaye, ga sautin sintesaiza (na'urar kiɗa ta lantarki) mai kauri, amshi kuma yana zuwa da wuri ya yi ta maimaituwa. A filin rawa wannan shi ake so, domin mai haɗa kiɗa yana iya sarƙa waƙa da waƙa ba tare da ya taɓa gudu sosai ba. Amma idan waƙoƙi da yawa a jere suka zo da gudu ɗaya da ƙarar murya ɗaya, kunne yana gajiya, sai waƙar da ba ta da laifi ta zama kamar cikon benci. Furodusa RedOne ne ya haɗa uku daga cikin huɗun farkon, wani furodusa Rob Fusari ya yi Paparazzi, kuma bambancin hannu yana fitowa fili a kunne. Masu sharhi da dama sun yabi amshi da kiɗa, suka soki baitoci da cewa ba su wuce kuɗi da suna da shagali ba.

Ɗan Gwale: Na gode Hajiya. To Grammy fa?

Mai Kalangu: Masu jefa ƙuri'ar Grammy 'yan sana'ar ne, mawaƙa da furodusoshi da injiniyoyin sauti, ba 'yan jarida ba. A Janairu 2010 suka ba shi kyautar albam na kiɗan lantarki da rawa, Poker Face ta ci ta waƙar rawa, amma albam na shekara ya tafi ga Fearless na Taylor Swift. Idan kana son gwada batun Hajiya, saurari The Fame Monster, wanda Lady Gaga ta fitar a Nuwamba 2009. Sababbin waƙoƙi takwas ne kawai, ba ciko, kuma makinsa a Metacritic ya haura zuwa 78.