Malamarmu ta ce tun kafin mutum ya yi magana nake gama yanke masa hukunci

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka, kwana uku ba na barcin kirki. Wata na biyar ke nan ina kwas ɗin koyon ba da shawara. Uku-uku ake raba mu: mai sauraro, mai kawo damuwa, mai lura. An haɗa ni da wata, ni ce mai sauraro, ita mai kawo damuwa, tana zama ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ta kau da kai, nan take zuciyata ta ce mai girman kai ce. Zamanta sak na yayata da ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekara 8 ina hannunta, ko ciwo na yi ban taɓa jin sannu daga bakinta ba, har yau in na ga kiranta sai gabana ya faɗi. To, mai lura ta rubuta wai sau 4 na katse matar cikin minti 10. Malama ta ce in rubuta abin da na ji a raina kafin matar ta buɗe baki. Na kasa. Ko aikin nan ba nawa ba ne?

Tsohuwar ma'aikaciya: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kowa haka yake. A 2006 Willis da Todorov na jami'ar Princeton sun gwada, suka ga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa mutum ya kalli fuska ya ce ya yarda da mai ita ko bai yarda ba. Naki kuma tun 1910 Freud, likita masanin halayyar ɗan Adam, ya yi maganarsa: tsohon ciwon mai sauraro ya sauka kan mai kawo masa damuwa. Ki rubuta, ki kai wa malamarki har da zancen yayarki.

Wani ɗan kwas: Kul! Ni na buɗe cikina a rubutu, malamin ya karanta gaban aji. Wata biyu ina sunne kai. Har yau bai ba ni haƙuri ba, makin ma bai cika ba.

Wata 'yar uwa: Ni dai labarin zuciya a tambayi fuska. Sau nawa jikina ya ba ni mutum kuma hakan ya tabbata.

Mai tambaya: Yauwa! Ai da muka fito matar ko kallona ba ta yi ba. Kuma Anti, ba katse ta na yi ba, taimaka mata nake ta kai ƙarshen magana.

Tsohuwar ma'aikaciya: Wanda aka katse sau 4 zai tsaya gaisuwa? Solomon Asch, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna a 1946 cewa kalma ɗaya, a ce mutum mai fara'a ne ko marar sakin fuska, tana sauya yadda ake fassara duk sauran halayensa. Kau da kai kan zama kunya, ko tsoro. Aikinki ba ki daina ji ba ne, ki san na waye jin. Faɗa mini, wace damuwa ta kawo?

Mai tambaya: Ina jin kan wurin aikinta ne, ban riƙe duka ba. Amma ba shi na tambaya ba. Jibi za a sake haɗa mu, in roƙi a canza mini ita?

Wani ɗan kwas: Ki roƙa.

Tsohuwar ma'aikaciya: Kada ki soma.