Taƙaitawa: goge baki ba tare da tara shara ba

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa.

1. Aswaki kusan kowa ya yarda da shi. Sunna ne, ga araha, in ya ƙare ka yar ƙasa ta cinye. Wasu na Makka suke so, wasu suka ce reshen darbejiyar ƙofar gida ma ya isa, ɗacin ne dai sai haƙuri. A riƙa yanke bakin in ya tauye, kar a bar shi cikin leda ya yi funfuna.

2. Buroshi mai mariƙin itacen gora, nan aka rabu. Mariƙin yana ruɓewa amma gashin yawanci roba ne, sai ka cire shi kafin ka yar, ga tsada. Kowane iri ne dai a canza bayan wata 3.

3. Gawayi da gishiri masu goyon baya sun yi yawa, amma ma'aikatan lafiya da ke cikinmu sun ce yawan dirzawa na cinye farin rufin da ke kare haƙori, kuma ba ya dawowa. Ni ma nan na tsaya gaskiya.

4. Makilin: kar a daina saboda sinadarin fuloraid da ke cikinsa mai hana ruɓewar haƙori, musamman yara masu shan alawa. A sayi babba ɗaya maimakon ƙanana barkatai.