Wayar Birki Ta Tsinke a Hanya: Wa Zai Biya?

Mai Kayan Babur (Panteka): Salamu alaikum 'yan zaure. Maganar yaron nan na wajen Rigachikun da ya sa wa babur ɗinsa sabuwar wayar birki ta tsinke masa a gangare, shi ya karye a cinya, fasinjarsa ta fasa kai, na ga ana ta cewa a je a kama mai shago. Ni ina nan kan bakana, mai shago ba shi da laifi ko na anini. Ba shi ya ƙera ba. A kwali ta zo masa, a kwali ya miƙa. Mai neman diyya ya nemi kamfanin da ya yi ta.

Maman Biyu (Tudun Wada): Alhaji, wane kamfanin? Na China ko na Indiya? Rabin kwalayen nan ko adireshi babu a jiki. Talakan da kuɗin ɗori ya gagare shi ne zai ƙetare teku ya kai ƙara?

Barista (Kawo): Alhaji, ranka ya daɗe, doka ba ta tare da kai a nan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Sashe na 136 ya ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya jawo a kan ɗan kasuwar da ya samar da kayan, ɓarnar kuwa ta haɗa rauni a jiki da asarar dukiya. Kuma ba dole sai wanda ya yi ciniki da kai ne zai iya kai ka kotu ba. Fasinjar nan ba ta taɓa taka shagon ba, amma tana da hurumin ƙara. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, ba ya sauke wannan alhaki. Sashe na 145 ma cewa ya yi in an yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya samar da shi.

Mai Kayan Babur: To ai wannan zalunci ne, Barista. Ribata a wayar birki ba ta sayen ƙullin gishiri, a ce in biya kuɗin cinya?

Barista: Kai ma kana da wanda za ka kama. Dilan da ya ba ka, shi kuma ya kama wanda ya shigo da kayan ƙasar. Hikimar ke nan: wanda ya ji rauni ya riƙe wanda hannunsa ya kai gare shi, 'yan kasuwa su bi junansu har tushe.

Bakanike (Kakuri): Ku saurare ni, mu ne hannunmu ke cikin baƙin mai. Ba duk abin da ya tsinke ne jabu ba. Babur a kwali yake zuwa, a nan ake haɗa shi, wani lokacin yaron da bai gama koyo ba ne zai ɗaure noti ya bar shi sako-sako. Waya mai kyau ma in aka bi da ita ta inda take lanƙwashewa ko take gogar ƙarfe, za ta cinye ta tsinke. Wannan laifinmu ne mu kanikawa, ba na mai shago ba, ba na kamfani ba. Sannan a Boxer waya ta birkin gaba ce, na baya sandar ƙarfe ke ja. Me ya sami na bayan? In takalmin birkin ya riga ya cinye an ƙi canzawa, ga buhu biyu ga mutum a baya, ga gangare, to ba waya kaɗai ta kayar da shi ba.

Amma Alhaji, tsakani da Allah, jabu ya cika kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ake zubawa a kwalin orijina a sayar a kuɗin orijina. Da na riƙe a hannu nake ganewa, silin wayar sirara ne, dalmar da ke kanta kuma ba ta kama da kyau ba. In ni ina ganewa, wanda ya shekara ashirin yana sayarwa ba zai ce bai sani ba.

Ɗan Acaɓa (Rigasa): Oga gaskiya ka faɗa. Mu ma kuma ba za mu wanke kanmu ba. Kullum sai ka kai wa mai mashin balas, ga tsadar mai. In aka ce ga ta tsada ga ta araha, wallahi ta arahar muke cewa a ba mu.

Mai Kayan Babur: Kun ji ko! Da bakinsa ya nema. Ni kuma in ban ajiye ba, maƙwabcina zai sayar masa.

Malamin Islamiyya (Unguwar Sarki): Alhaji, abu biyu kake haɗawa. Zunubi daban, biyan haƙƙi daban. Wanda ya san kaya jabu ne ya ɓoye, wannan algus ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wanda kuwa bai sani ba, ba mu ce ya yi zunubi ba, amma a fiƙihunmu na Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya in tsohon aibi ya bayyana, ko da mai sayarwa bai san da shi ba. Kuma mu daina rufe bakin marasa ƙarfi da cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, mun yi imani, amma shari'a ta wajabta diyya har a kisan kuskure.

Maman Biyu: Allah ya gafarta Malam, wannan ce ta fi damuna. Da an fara maganar haƙƙi sai dattijai su taru su ce a yi haƙuri a bar wa Allah. Matar nan wa zai biya mata asibiti? Ita ba ta zaɓi waya ba, kuɗin hawa kawai ta biya.

Barista: Hajiya, inda shari'o'in nan ke mutuwa shi ne shaida. Ana yin haɗari sai a tura mashin gareji, a cire abin da ya lalace a jefar. Ko da sashe na 145, sai ka nuna daga wane shago kayan ya fito, kuma shi ya jawo faɗuwar. Don haka a adana guntun da ya tsinke da kwalinsa, a ɗauki hoto kafin a taɓa mashin, a karɓi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, a tara takardun asibiti. Kotu na ɗaukar lokaci, shi ya sa ake fara kai koke FCCPC. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ita ke da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, can ya kamata a kai rahoton jabu. Maganar wanda ya nemi ta araha da bakinsa, Alhaji, araha ba lasisin sayar da abin da zai kashe mutum ba ce. Kotu na iya rage wa direba diyya in an tabbatar da nasa sakacin, kamar lodin da ya wuce ƙima, amma wannan ba ya shafar fasinja.

Mai Kayan Babur: Na yarda da batun wanda ya sa jabu a kwalin orijina, a hukunta shi, ɓata mana kasuwa yake yi. Amma har yanzu ban gamsu a kama ni a kan abin da ban sani ba. Kuma Barista, dilolin da ke turo mana kaya daga Legas da Nnewi, da yawansu ta waya muke ciniki, ba sa ba da takarda. In aka kama ni, da me zan kama su?

Barista: Da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin WhatsApp, da takardar motar da ta kawo kayan. Kotu na karɓar irin waɗannan in an gabatar da su bisa ƙa'ida. Amma gara ƙungiyarku ta kasuwa ta tsaya kan cewa dilan da ba ya ba da rasit mai suna da adireshi, ba a sauke kayansa.

Bakanike: In kun sa wannan a taronku, Alhaji, ku kira mu. Za mu zo da na jabu da na ainihi mu ajiye a teburi, kowa ya riƙe a hannu ya gani.