LAPL ko PPL, wane lasisin tuƙin jirgin sama zan nema a Jamus?

Ɗan Kolon: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Jamus, ina son koyon tuƙa ƙaramin jirgi don shaƙatawa ranar Asabar. Wane lasisi ya dace?

Baban Zara: Ƙanena, horon LAPL (lasisin tuƙa ƙananan jirage) aƙalla awa 30 ne, PPL (lasisin matuƙi mai zaman kansa) kuwa 45. Sai dai LAPL na ƙasashen EASA (hukumar tsaron lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai) ne, fasinja uku kacal, jirgi kada ya wuce kilo 2000. Birtaniya ma ta fice daga EASA tun ƙarshen 2020. In da hali, daure ka yi PPL.

Maman Sadiq: Ni mai ne damuwata. 100LL, man ƙananan jirage, na da dalma, Turai na ƙoƙarin kawar da shi. Tambayi makarantar ko jiragenta na shan mai marar dalma.

Ɗan Kolon: Na gode Yaya, na gode Hajiya. Gobe zan kira su.