Neman kalma: cost-effectiveness, kafin shirin Alhamis

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin rediyo kan yadda manyan asibitocin Kano, irin su Murtala da Nasarawa da na Malam Aminu Kano, ke kasafta ɗan abin da ke hannunsu. Baƙon zai yi ta ambaton cost-effectiveness. A rubutuna na sa "araha". Ta yi?

Akanta: Wa alaikumus salam. Malama, cire araha. A ɗauka magani biyu ne, marasa lafiya 100. Na farko N6,000 kowane mutum, yana warkar da 80. Na biyu N9,000, yana warkar da 90. Ƙarin N300,000 ke nan aka biya don ƙarin mutum 10, wato N30,000 kan kowane ɗaya. Abin tambaya shi ne: wannan N30,000 ɗin, da an kai ta wajen gwajin maleriya ko ajiyar jini, ba za ta ceci fiye da haka ba? Mai araha kan faɗi a wannan awo, mai tsada ma haka. Ni dai "awon kuɗi da tasiri" nake cewa.

Sista: Na goyi baya. A haɗa da kwanan gado. Idan mai arahar ya sa mara lafiya ya ƙara kwana biyu, kuɗin ya fita ta baya. Ɗaki mai gado 40 yana da kwanan gado 1,200 a wata mai kwana 30. In an kwanta 900, cikarsa kashi 75 ne. Albashi da dizal ɗin janareta kuwa ba sa raguwa don gado yana banza. Inda ake kuskure shi ne lissafa farashin kwali kawai, a manta da sirinji, ruwan drip, lokacin ma'aikaciya, da maganin da wa'adinsa ke ƙarewa a sito.

Baba Malam: Tasiri Larabci ce. Me ya hana mu tamu? Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A ce "biyan-sabulu", gajere, kuma kowace tsohuwa a Yakasai ta gane.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, sabulun ma daga Larabci muka samo shi. Asibiti kuma daga Turanci.

Baba Malam: Sabulu ya kwana ya tashi a cikinmu, yaro. Ku 'yan boko in kalma ba ta yi kama da ta takardar ofis ba, sai ku ji kunyarta.

Ɗan Fagge: Ba kunya ba ce. Wa zai rubuta "rahoton biyan-sabulu na sashen haihuwa" ya miƙa wa Hukumar Kula da Asibitoci?

Baba Malam: Wanda bai raina harshensa ba. Mutanen Zinder ma suna jin rediyonmu, su za su fi gane tawa.

Akanta: Malam, matsalar ba daraja ba ce. Karin maganar tana nufin abin da aka kashe ya dawo. Wannan ya dace da asusun magani mai juyawa, wanda ya yaɗu bayan Shirin Bamako na 1987, wato tsarin kiwon lafiya da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi: a sayar, a mai da uwar kuɗi, a sake saro. A namu awon kuɗin ba ya dawowa, lafiya ake ƙirgawa, kuma sai an gwada hanya biyu.

Sista: To efficiency fa? Shi ma zai fito.

Akanta: "Tattalin aiki". Kar a ce "inganci", wannan na kyawun aikin ne.

Mai Shiri: Na gode. Zan sa "awon kuɗi da amfani", tunda amfani ta fi sauƙi a kunne. Karin maganar Baba Malam zan buɗe shirin da ita.

Akanta: Amfani za ta rikice da cost-benefit, inda ake mai da komai naira. Amma a rediyo ta wuce.

Baba Malam: Amfanin ma Larabci ce. Ku je ku yi, ni biyan-sabulu zan koya wa ɗalibaina.